Paczki kafin azumin Kirista: a wane gidan burodi ake saye, kuma da me ake soya shi?

DanFagge_313
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga mutanen Michigan da ɗalibanmu da ke Poland. A wurin aikinmu an liƙa takarda a jikin firij, wai duk mai son paczki, wato soyayyen burodin nan mai zaƙi na 'yan Poland, na ranar Talata 17 ga Fabrairu 2026 ya rubuta sunansa da guda nawa yake so, mutum ɗaya zai yi sammako ya je garin Hamtramck da ke jikin Detroit ya karɓo wa kowa. Kowa sai zumuɗi yake yi, har da waɗanda ba su da wata alaƙa da Poland. Na ga kwalayensa jibge a babban kantin unguwarmu tun makon jiya, amma abokan aikina sun ce wannan ba shi ne na gaske ba, sai na ƙananan gidajen burodi. To me ya bambanta su? Kuma mu za mu iya ci? Ba na son in rubuta sunana in zo ina kame-kame ranar da aka kawo.

Hajiya_Dearborn
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka tambayi daɗi, tambayi man da aka soya shi da shi. A gargajiyarsu da kitsen alade ake suya. Wasu sun koma man girki na tsirrai, wasu suna nan kan ta kakanni, kuma ba ka gane wa da ido. Ka karɓi sunan gidan burodin a wajen mai zuwa sayowa, ka buga musu waya da kanka.

Sadiq_Warsaw
Talata kuma? Mu nan ranar Alhamis ake yi, Alhamis ta ƙarshe kafin azuminsu, bana 12 ga Fabrairu ke nan. Tłusty Czwartek suke ce mata, Alhamis mai maiƙo. Ta Talata 'yan Poland ɗin Amurka ne suka koma yi, don ta zo daidai da ranar da sauran Kiristocin can suke shagalinsu na jajibirin azumi. Ranar nan a Warsaw tun duhun asuba ake kafa layi cikin sanyi. Akwai shagon kayan zaƙi na Blikle a titin Nowy Świat, wanda yake nan tun 1869, akwai kuma wani ɗan ƙaramin shago a unguwar Wola, Zagoździński, a titin Górczewska, tun 1925 suke wannan sana'a. Layinsa yakan zagaye kwana, har 'yan jarida suna zuwa ɗaukar hoto. A ofisoshi da jami'a kuwa kowa ya shigo da kwali a hannu. Suna da camfi cewa wanda bai ci ko guda ɗaya ba a ranar, shekarar ba za ta yi masa kyau ba. Da wasa suke faɗa, amma fa ba mai bari ta wuce shi.

Bulus_Kafanchan
Sannunku 'yan'uwa. Bari in sa baki ta ɓangarenmu, tunda ni Katolika ne kuma a Chicago nake, inda 'yan Poland suke da yawan gaske. Azuminmu yana farawa ran Larabar Toka, bana 18 ga Fabrairu, ya tafi har Ista. Kwana arba'in ne idan ba a lissafa ranakun Lahadi ba. A zamanin da, a Turai dokar tana da tsauri: ba nama, ba kitse, a wurare da dama har ƙwai da madara da man shanu ana bari. To matar gida tana da tulun kitse da kwandon ƙwai da sukari a ɗaki, ga makonni shida a gaba da ba za ta taɓa su ba. Sai ta tattara su duka ta kwaɓa ta soya a cinye. Asalin abin ke nan. Yanzu dokar ta yi sauƙi, muna rage ci ran Larabar Toka da Jumma'a Mai Kyau, muna barin nama kowace Jumma'a, amma soye-soyen jajibirin ya zauna daram. A gida Kaduna ban taso na ga wani abinci na musamman na wannan rana ba, a nan na tarar da shi.

Ummu_Khalil
Na duba hoto. Wannan ai fanke ne aka cusa wa jam a ciki. Shi ne mutum zai tsaya layi cikin ƙanƙara?

Maman_Ilham_Kek
Ummu Khalil, Allah ya huci zuciyarki, amma kin rage masa daraja. Fanke fulawa ne da yis da sukari da ruwa, ƙullu mai ruwa-ruwa a tsoma a mai. Shi wannan kwaɓi ne mai nauyi: gwaiduwar ƙwai zalla masu yawa, man shanu, madara mai ɗumi, yis. A buga shi sosai har ya daina kama hannu, a bar shi ya tashi, a mulmula, a sake barinsa ya tashi karo na biyu. Idan ya tashi yadda ya kamata, a cikin mai yawo yake a sama, sai ƙasa ya soyu a juya shi, shi ya sa za ki ga wani farin zobe ya kewaye tsakiyarsa. Masu sana'ar da wannan zoben suke gane hannun gwani. Cikinsa kuma rawaya-rawaya ne saboda ƙwan, kin danna da yatsa ya dawo.

Abin da ban ga kowa ya ambata ba shi ne, a girkin gargajiya ana zuba cokali ɗaya ko biyu na barasa mai ƙarfi a cikin kwaɓin, wadda suke kira spirytus. Hikimarsu ita ce tana saurin tashi da zafi, sai ta hana kwaɓin shan mai. Ni idan zan yi a gida ruwan khal nake sa wa kaɗan a madadinta, su ma matan Poland da yawa haka suke yi.

AbuHanif_Zariya
To magana ta ƙare ai. Alade a kasko, giya a kwaɓi. Me ya rage a tattauna?

Sadiq_Warsaw
Malam AbuHanif, da saura, don ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Shi Zagoździński da na ambata an san shi da suyar kitsen alade, ba sa ɓoyewa, da shi ma suke alfahari, don haka ni kallon layinsu kawai nake yi in wuce. Amma gidaje da yawa da man rzepak suke suya, wanda a Amurka kuke ce wa kanola. Ga wanda yake nan Poland, kalmomin da zai nema a ɗan katin da ake ajiyewa gaban kaya su ne smalec, shi ne kitsen aladen, da spirytus, da żelatyna, wato jelatin da ake samu daga dabba. A kula da mai cikin adwokat, wani kirim ne rawaya mai kyan gani, giyar ƙwai ce a ciki, kuma shi bayan suya ake ɗura shi, bai ga wuta ba. Akwai waɗanda ake rubuta wa wegańskie, na masu ƙin cin duk abin da ya fito daga dabba. Su babu kitse babu ƙwai, amma wannan bai hana a sa barasa ba, sai an tambaya.

Malam_Tanko
Mas'aloli biyu ne, kada a cakuɗa su. Kitsen alade babu saɓani a kansa, ko kaɗan ne. Ita kuwa barasar da aka zuba a kwaɓi aka soya, malamai na wannan zamani sun yi maganganu. Akwai masu cewa idan ta narke ta ɓace, ba ɗanɗano ba ƙamshi, kuma komai yawan abin da ka ci ba zai bugar da kai ba, to hukuncinta ya faɗi. Akwai masu cewa tun da da gangan aka zuba ta, a nisance shi. Ni na biyun nake bi wa kaina, amma ba na aibata wanda ya bi na farko da hujjar malaminsa. DanFagge, ka tambayi limamin masallacinku, ya fi mu sanin garin.

Nura_Damagaram
Ina gaida manya. Ni a Poznań nake karatu. Kan tambayar farko ta bambancin na kanti da na gidan burodi: a manyan kantuna ranar Alhamis ɗin ana karya farashi ƙwarai, kuɗin guda ɗaya na gidan burodi mai suna zai saya maka da yawa a can. Ɗalibai can muke tururuwa, ba ƙarya. Amma yawancinsu a masana'anta aka yi su, wasu daskararru aka kawo aka narkar. Ka ɗaga ka ji ba nauyi, ka gutsura ka yi ta tafiya cikin burodi kafin ka iske jam ɗin, ɗan ɗigo a gefe guda. Na cukiernia, wato shagon kayan zaƙi na unguwa, da ɗuminsa ake miƙo maka, sukarin saman bai gama bushewa ba, takardar har tana jiƙewa. Abin dariyar shi ne, mu na kantin ya fi mana sauƙin tantancewa, don komai a rubuce yake a jikin leda. Na unguwa mai daɗin shi ne sai ka yi tambaya, ga layi a bayanka, ga matar da ke sayarwa ba ta da lokacinka.

Baba_Conant
DanFagge, garin da za a je sayo muku nan nake zaune, na daɗe. Hamtramck ɗan ƙaramin gari ne da Detroit ta kusan kewaye shi. Kamfanin motoci na Dodge ne ya kafa masana'anta a nan a 1910, 'yan Poland suka yi ta kwararowa neman aiki har garin ya zama nasu, coci-coci nasu, shaguna nasu, harshe nasu a titi. Fafaroma John Paul na biyu, wanda shi ma ɗan Poland ne, ya zo garin a 1987, akwai mutum-mutuminsa a wani ɗan fili a titin Joseph Campau. Masana'antar ta rufe a 1980, jikokinsu suka koma unguwannin bayan gari irin su Warren da Sterling Heights, mutanen Yaman da Bangaladash suka maye gidajen. A 2004 majalisar gari ta amince a riƙa kiran salla da lasifika, a zaɓen 2021 kuma magajin gari da 'yan majalisa duka Musulmi suka zama.

Amma ranar paczki garin yakan koma hannun masu shi na da. Jikokin nan duk su dawo. Gaban gidan burodin New Palace da ke Joseph Campau, layi tun tsakar dare, mutane da barguna da kofin shayi. Muna fitowa sallar asuba muna gaisawa da su. Ranar Asabar kafin nan ma akwai tseren gudu na kilomita biyar da ake yi da sunan paczki, a ƙarshensa a miƙa wa kowa nasa. Mashaya kuma tun safe suke buɗewa da kaɗe-kaɗe, wannan ɓangaren sai ka kauce masa.

Shawarata, kada ka buga waya ranar Litinin ko Talatar, ba mai ɗauka. Ka kira tun wannan makon, da hantsi. Kuma ka tambayi abu biyun da aka faɗa maka, man suya da barasa. Sun saba da tambayar, rabin maƙwabtansu mu ne.

DanFagge_313
Na gode Baba, na gode Hajiya. Na karɓi sunan wurin, gobe zan kira. Malam Sadiq, mu a nan a takardar an jera kala-kala: kastad, rasberi, lemun tsami, tufa, cakulan, har da wani mai kirim da sitiroberi. Ban ga adwokat ba. Wanne ne na asalin?

Sadiq_Warsaw
Babu na asali a duk abin da ka lissafa. Na asali biyu ne: mai jam ɗin furen wardi, da mai powidła, wato 'ya'yan plum da aka dafa a hankali har suka yi baƙi suka yi kauri. A sama a shafa narkakken sukari a barbaɗa ɓawon lemu da aka dafa da sukari. Na wardin shi ne sarki a Warsaw. Ganyen furen ake kirɓawa da sukari a turmi, yana da ɗan tsami-tsami da yake karya zaƙin.

Zee_Toledo
Wallahi na wardin nan ban iya shi ba, ƙamshin ya yi mini yawa a baki. Ku bar ni da kastad ɗina, ko Sadiq ya ce ba na asali ba ne.

Hajiya_Dearborn
'Yar nan, ke da ba ki saba ba. Mu da muke cin kayan zaƙin Larabawa a nan kullum da ruwan wardi a ciki, ba baƙon abu ba ne. Af, DanFagge, na manta ban gaya maka ba, a 'yan shekarun nan wasu gidajen burodi na Musulmi a nan Dearborn su ma suna yin nasu a wannan mako, tunda sun ga kasuwa ce. Idan amsar da aka ba ka a waya ba ta kwanta maka ba, ka zo nan ka saya ka tafi da shi ofis, kowa ya ci nasa.

Maman_Ilham_Kek
Hajiya, da gaskiyarki, amma a duba da kyau. Wasu a Amurka donot ɗinsu na kullum suke ƙara wa girma su sauya masa kwali a wannan mako. In an raba shi biyu aka ga cikin fari fat, to ƙwan bai kai ba.

Garba_Köln
Mu ma nan Jamus akwai ɗan'uwansa, Berliner, a kudu kuma Krapfen. A Köln ma ranar Alhamis ɗin ake buɗe shagalin Karneval na titi, mata su yi ta yanke wa maza nakatayal da almakashi. Akwai kuma tsokanar da ake yi, a cusa mustad a guda ɗaya a maimakon jam a haɗa shi cikin sauran. Ingila kuma ranar Talatar fankek suke soyawa. Duk dalilin da Malam Bulus ya kawo ne.

Rahila_Jos
Ba wanda ya lura cewa bana kusan tare za mu shiga azumi? Larabar Toka 18 ga wata, ku kuma na ji ana cewa 18 ko 19.

Baba_Conant
Haka ne 'yata, ya danganta da ganin wata. Bara ma ranar paczki ta faɗo 4 ga Maris, muna cikin kwanakin farko na Ramadan. Maƙwabciyata, wata tsohuwa 'yar Poland da ta ƙi barin unguwar, ta san ba ma ci da rana, sai ta jira har ta ji kiran magariba sannan ta ƙwanƙwasa ƙofa da faranti. Ita take soya nata, kuma saboda mu ta daina amfani da kitsen, ta bar barasar. Mu ma da salla muna kai mata abinci. Bana dai in Allah ya kai mu da rana tsaka za a ci, ƙila daren nan a fara tarawihi.

AbuHanif_Zariya
Na ji bayanin mai da barasa, na karɓa. Amma akwai abin da ya fi wannan. Abincin nan an ɗaure shi da ibadar wasu. Mutum ya tashi ya yi sammako ya shiga layi a ranar da suka keɓe, wannan ba taya su biki ba ne? Me ya hana a saya a wata ranar?

Bulus_Kafanchan
Malam, da girmamawa, ba ibada ba ce. Ba a kai shi coci, ba a yi masa addu'a, babu inda aka umarce mu mu ci. Fada ma a huɗubarsa yakan yi wa mutane tsiya ne kan cika ciki kafin azumi. Ibadar ran Laraba take farawa, da toka a goshi. Talatar share ɗakin girki ce kawai. A layin Chicago za ka ga 'yan Meziko, baƙaƙen fata, Indiyawa, 'yan sanda da kayan aiki, yawancinsu ba su san ma me za a yi washegari ba.

Malam_Tanko
An rawaito daga magabata halaccin karɓar kyautar abinci daga waɗanda ba Musulmi ba a ranar bikinsu, muddin ba yanka ba ne da aka yi don bikin. Abin da aka hana shi ne shiga cikin ibadarsu. AbuHanif yana da fuska idan mutum ya ƙudurce camfin da Sadiq ya ambata, na cewa rashin ci yana kawo rashin sa'a. Wannan kam a guje shi. Amma abokin aiki ya miƙo maka abu halal ka ci ka yi godiya, ban ga laifi ba. Allahu a'alam.

AbuHanif_Zariya
Kyauta daban, ka sa kuɗinka ka yi oda daban. Ni dai ina nan kan bakana.

Nura_Damagaram
Malam AbuHanif, kan batun saye a wata rana: a Poland kullum ana samunsa, duk shekara, har akwai shagunan da ba sa sayar da komai sai shi, ta taga ake miƙo maka da zafinsa. Mu ba mu da matsala. Na Amurka ne na ji an ce da yawa sai a wannan makon kawai suke yi. Ni ma in don daɗi ne na fi son ranar da ba cunkoso, don ranar Alhamis ɗin sauri ake yi, dubbai ake soyawa tun dare. Kuma wanda maiƙon paczki ya yi masa yawa ya nemi faworki, siraran kwaɓi ne da ake murɗawa a soya su yi ƙarau, a barbaɗe da garin sukari. Lokacinsu ɗaya. Sai dai su ma tambayar man tana nan, barasar ma haka.

Dr_Binta_Ohio
Tun ɗazu ake fiƙihu ba wanda ya yi maganar jiki. Abu ne da aka ƙirƙira don a ƙarar da kitse da sukari da ƙwai a zama ɗaya, to ku san abin da kuke ci. Masu ciwon sukari da za su yi azumi, don Allah kada jajibirin ya zama ranar ɓarna, kuma kada a ajiye ragowar a ce za a yi sahur da shi. Zai ɗaga sukari ya sake ku tun hantsi.

Zee_Toledo
Dakta, ragowa kuma? A gidanmu kwalin dozin ba ya ganin la'asar.

Maman_Ilham_Kek
Dama ba a ajiye shi. Kwana ɗaya ya yi ya fara tauri, firij kuma ƙara busar da shi yake yi, sai dai mai kastad ko kirim dole a sa shi a sanyi don kada ya lalace. Wanda zai kai wa iyali ya sayi mai jam, ya fi jure hanya. Kada kuma a rufe kwalin ruf idan da ɗumi, gumi zai narkar da sukarin saman ya dame.

Ummu_Khalil
To Maman Ilham, tunda kin ce ba fanke ba ne, sai ki turo mana awon. Fulawa gwangwani nawa, ƙwai nawa? Mu da muke Kano ba mu da Hamtramck.

Maman_Ilham_Kek
Ga rabin kilo na fulawa: gwaiduwa biyar ko shida, madara kofi ɗaya, man shanu kamar cokali huɗu a narkar, sukari cokali huɗu, busasshen yis cokali ɗaya, gishiri kaɗan, khal cokali ɗaya. Wutar ita ce wuyar aikin. In man ya yi zafi da yawa waje ya ƙone ciki ɗanye, in ya yi sanyi ya sha mai. Ki gwada da ɗan guntun kwaɓi, ya taso nan da nan yana ƙananan kumfa amma bai yi ja da wuri ba. Jam ɗin bayan ya huce ake ɗurawa, da leda mai tsinin baki. Na wardi zai yi wuyar samu a Kano, ki dafa zoɓo da sukari ya yi kauri, tsaminsa zai tsaya a wurin.

Sadiq_Warsaw
Zoɓo! Wannan sai na gaya wa malamar da ke koyar da Hausa a Jami'ar Warsaw, ɗalibanta za su so su gwada. Amma gyara ɗaya, Maman Ilham: tsofaffin gidajen nan kafin suya suke naɗe jam ɗin a cikin kwaɓi, su ce na allura aikin masana'anta ne.

Maman_Ilham_Kek
Su da suka gada. Mai koyo ya naɗe kafin suya, ya fashe masa a kasko, mai ya yi ta tsalle. Ummu Khalil, ki bi ta ledar tukuna.

Kabiru_Windsor
Yanzu na shigo na karanta duka. Baba Conant, mu da za mu tsallako daga Kanada da safiyar Talatar, ana samun wurin ajiye mota kusa da Joseph Campau kuwa, ko gara mu zo ranar Litinin da yamma? Kuma wanda ya yi oda tun da wuri, layinsa daban ne ko duk ɗaya ne?